Wanda Zai Biyo Sawu

Yau shekara uku da rasuwar Kawu. Na ɗauko gorar ruwansa da niyyar hawa Dutsen Kufena, kamar yadda muka saba duk Asabar. Har yanzu igiyarta tana ƙanshin man zafin da yake shafa wa gwiwarsa.

Kawu ba ya barin Tudun Wada sai ya tsaya shagon maƙwabcinmu, wani dattijo ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan babur, ya ce, "Maigida, mun tafi dutse. In an kira la'asar ba ka gan mu ba, ka biyo sawu." Ni kuwa dariya abin yake ba ni. Ranar da Kawu ya zame a gangare ya yi targaɗe, ga rana, ruwa ya ƙare, waya ba sabis, sai muka jiyo dattijon nan daga ƙasa yana haki, yana ƙwala mana kira.

Ɗazu na tsaya bakin shagon. An sayar, mai shi ya koma garinsu. Na dubi layinmu kaf, ban ga wanda zai lura in ban dawo ba. Na mayar da gorar inda take.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu. Mu da muka rage, Allah ya ba mu mai cigiyarmu.