Shirun Liman a Tsakiyar Aya

Yayana ne limamin masallacin unguwarmu, har zuwa daminar da babur ya kayar da shi a hanyar Makoɗa, ya bugu a ka. Raunin ya warke, haddarsa kuma ba ta zube ba. Riƙon hankalinsa ne ya taɓu: yana cikin karatu, da wani ya yi tari ko akuya ta yi kuka, sai ayar ta kuɓuce masa.

Ni nake kai shi asibiti a Kano, domin aikin adana katunan marasa lafiya na yi har na yi ritaya, na san ƙofofin. Ma'aikaciyar lafiyar da ke duba shi ta bayyana mana cewa mai da hankali ba abu ɗaya ba ne. Akwai daɗewa a kan aiki guda, akwai tsame murya ɗaya daga hayaniya, akwai barin abu a sake komawa kansa. Haɗa abu biyu a lokaci guda kuwa, ta ce kada mu sa rai tukuna. Ta sa shi ya riƙa ware wake daga gyaɗa a faifai, da farko cikin shiru, daga baya rediyo na magana. Ni kuma ta gargaɗe ni cewa idan ya tsaya a karatu kada a taya shi, komawar da zai yi da kansa ita ce maganin.

"Saura ka sayo mini zane, malam magatakarda," in ji shi, ranar da na ɗora masa faifan.

Har aka yanke gero muna wannan fama. Na gaji da motar haya, na gaji da masu dubiya da ke katse mana aiki. Amma a ɗaki ya fara kamo ayar da kansa, bayan shiru mai ɗan tsawo.

Da ya nemi komawa gaban sahu, na bi dattawa gida-gida ina roƙon su jinkirta masa idan ya tsaya. Ɗayansu ya ce tun kakanni ba a barin liman yana lalube, kuma ba boko ne zai koya musu salla ba. Na ce ba hukunci na zo sauyawa ba, numfashi kaɗan nake roƙo.

A sallar magariba ya koma. Yana tsakiyar sura wani babur ya wuce, sai ya tsaya. Ina bayansa, na ji ya ja dogon numfashin nan da na sani a ɗaki. Kafin ya sauke shi muryoyi sun taso dama da hagu, kowa na ja masa baki, ba ma tare ba. Ya saurari wannan, ya saurari wancan, sannan ya yi ruku'u bai ƙarasa ba.

Bayan sallama ya dubi na'ibinsa ya ce, "Daga yau kai ne a gaba."

Har yanzu abin yana yi mini ciwo, kuma ba ni da wanda zan tuhuma, domin kowannensu lada yake nema. Washegari na tarar da shi da faifai a cinya, ya kunna rediyon da kansa. Na zauna, na ƙara masa murya kaɗan.