Agogon Babana Bai Tsaya Ba

Da safiyar nan, ina fitowa daga masallaci, aka kira ni: Kawu Manu mai gyaran agogo na Illo ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Gara in faɗi daidai, ba kawuna ba ne na jini. Aminin babana ne. Shekarunsa ma ban sani ba, kuma ba zan yi kirdado ba.

Duk wanda ya taɓa zama a rumfarsa ya san akwatin ƙarfen nan. Ƙananan wuƙaƙen aljihu ne a ciki, masu naɗewa: mai ƙotar ƙaho da wani Bafulatani ya bar masa, da wadda ya samo a tsallaken iyaka wajen Dandawa, da ta kakansa wadda wasawa ta cinye rabin bakinta. Da ita yake buɗe bayan agogo. Ko ɗaya bai taɓa sayarwa ba.

A gefensu akwai agogunan mutanen da suka rasu, waɗanda iyalansu suka ba shi ajiya. Na babana yana ciki.

Irin na da ne, sai an murza masa kai kullum, in ba haka ba ya tsaya. Ranar da muka binne Baba a Kaoje, Kawu ya karɓe shi daga hannun innata. Ya ce zai riƙe mini shi da rai har in gama karatu. Shekarar da ruwa ya ci unguwarsu, akwatin ya fara ɗorawa a ka kafin buhun shinkafa.

Ganina da shi na ƙarshe, bayan jarrabawar ƙarshe ne. Na ce na zo karɓa.

Ya ce, “Ina takardar?”

Na ce sakamako bai fito ba tukuna, amma na lissafa makina, na ci.

Ya yi dariya har da tari. “Kai da lissahi, Bello! Tahi ka kawo ta in gani da idona.” Amma ya sa mini agogon a tafin hannu, ya ce in murza. “In ya yi tauri ka tsaya. Kai komi sai ka matsa mai.”

Takardar tana cikin jakata yanzu. Jibi na yi niyyar zuwa.

Ina tashar Birnin Kebbi, mota ba ta cika ba, an ce har an kai shi makwancinsa. Sai tunanin agogon ya hana ni sakat. Wa zai murza shi yau? Na ji kunyar tambaya a gidan makoki, amma na kira Hajara, babbar 'yarsa. Na yi mata ta'aziyya, na yi ta kame-kame.

Ta ce, “Agogon ka kira ka tambaya, ko?”

Na ce shi ne.

Ta ce tun ranar da ciwo ya kwantar da shi ya koya mata yadda ake murza shi. Ya ce, “Sauran in sun tsaya, masu su sun yahe. Wanga na Bello kar ya tsaya, bai zo ba tukuna.”

Sai ta kara wayar a jikin agogon. Cikin hayaniyar tasha na toshe ɗaya kunnen. Na ji shi. Yana tafiya.

Ya Allah, Kawu Manu ya riƙe amana har ƙarshe, Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka haɗa shi da amininsa a Aljanna. Ka ba Hajara da ƙannenta haƙuri.

Don Allah, wanda ya karanta wannan ya ambaci sunansa a addu'arsa ta yau.