Jan Biro da Kyamarar Auna Hankali

Shekara ashirin da bakwai ta yi tana koyar da lissafi a aji biyar. Yara ne suka sa mata Jan Biro, malamai suka ɗauka, har sunanta na yanka ya ɓace. Mace ce mai wuyar yarda. In ɗalibi ya cinye maki duka, sai ta kira shi gaban allo ya sake yi tana kallo. Mijinta, tsohon direban bas, yakan ce ko gaisuwa aka yi mata sai ta juya ta duba bayanta.

Da hedimasta ya ce ita za ta wakilci makaranta a taron malamai, ta tambaye shi abin da ya hana mataimakinsa zuwa. Ya ce ciwon baya. Ba ta yarda ba, amma ta tafi.

Zauren taron cike yake da rumfunan 'yan talla. Ga allon da ake rubutu a kai da yatsa, ga tabarau mai nuna wa yaro ƙarƙashin teku, ga manhaja mai duba jarrabawa. Duk wanda ta tsaya wajensa sai ta tambaye shi ko ya taɓa tsayawa gaban yara sittin bayan an dawo hutun tara. Ba ta samu ko ɗaya ba.

A rumfar ƙarshe wani mai kwat ya nuna mata 'yar kyamara da ake maƙalawa saman allo. Ya ce tana karanta fuskokin yara, ta faɗi wanda hankalinsa ke kan darasi.

"Zauna ki gwada, Mama."

Ta zauna, ta ƙura masa ido tana gyaɗa kai, shi kuma yana ta bayani. Na'urar ta ba ta maki casa'in da shida cikin ɗari.

"Kin gani?"

"Na gani, ɗana. Sai dai ban ji ko kalma ɗaya ba. Tunanin shanyar da na baro a igiya nake yi."

Ya yi 'yar dariya, ya miƙo takarda. Wata uku kyauta, in ji shi, sa hannu kawai za ta yi, sai makaranta ta turo sunayen yara da hotunansu.

"Fuskokin nasu ina suke zuwa?"

"Ana adana su a wuri amintacce."

"Wane wuri? Makullin yana hannun wa?"

Ya ce zai tambayi ogansa. Ta mayar masa da takardarsa.

Da ta dawo, ta tarar kamfanin ya riga ya kira hedimasta, har shi hedimastan ya san launin kyamarar. Wannan ya tsaya mata a rai. A zaman malaman makarantarsu ta ce ba ta ƙi ba, amma a fara maƙala ta a nan ɗakin malamai, a ga hankalin wa ke kan jawabin hedimasta. Malamin tarihi ya sunkuyar da kai yana tari. Daga ranar ba a sake ta da maganar ba.

Bayan shekara biyu ta yi ritaya. Zango na gaba malamar da ta gaje ta ta zo gaishe ta, ta ce an kawo kyamarorin, umarni ne daga sama.

"An tambayi iyayen yara?"

"An ce za a tambaye su."

Jan Biro ta sa aka ɗauko mata takarda, ta ce a karanto mata adireshin shugaban ƙungiyar iyaye.