Ƙwayoyin da Baba Ya Tara a Aljihu

Ni na karanta wa Baba takardar da ke cikin kwalin maganinsa na hawan jini, kuma ba wanda ya aike ni. Ina koyarwa a wata firamare a Ƙaura Namoda, na je gida Birnin Tsaba hutun ƙarshen mako, na tarar da kwalin a kan tabarmarsa. Tsabar son a san na yi boko ce ta sa na warware takardar ina fassara masa layi-layi. Da na zo kan laktos na ce masa wani sukari ne da ake cirowa daga madara, ana haɗa shi cikin ƙwayar.

"Madarar mi?" in ji shi.

Na duba gaba, na duba baya, ba a rubuta ba. Maimakon in ce zan tambayo, sai na yi dariya na ce wa ya sani, ƙasashen da ake yin maganin ai har alade suke kiwo. Wallahi wasa nake yi. Baba ya ci gaba da gyaran ƙotar fartanyarsa.

Baba mutum ne da ba ya cin tsire a tasha sai ya san wanda ya yanka. Ni na fi kowa sanin haka, shi ya sa har yau nake jin haushin kaina. Kuma ba ya son gardama da Inna, mahaifiyata. Kullum da safe ta miƙa masa ƙwaya da ruwa a moɗa, ya karɓa, ya shanye ruwan, ƙwayar kuwa ta tafi aljihun taguwa. Ya fi wata yana haka. Inna ba ta gane ba sai da ta zo wanki ta zazzage aljihun, ƙwayoyi suka zubo, wasu sun marmashe sun haɗe da ɓawon goro. Da ta ji dalili daga bakinsa, ta kira ni a waya tana faɗa, na ce ta bari sai Juma'a in zo in yi masa bayani.

Ranar Laraba ya faɗi a gona, tsakanin kunyoyin gero. Aka kawo shi asibiti a Ƙaura cikin motar 'yan kasuwa da ta taso daga Shinkafi. Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

A nan bakin asibiti na tsaya wurin mai kemis na yi tambayar da ya kamata in yi tun farko. Ko minti ɗaya bai ɗauka ba. Ya ce daga madarar shanu ake yin laktos ɗin, kuma yana cikin ƙwayoyi da yawa. Na tsaya ina kallonsa kamar shi ya yi mini laifi.

Bayan an sallamo Baba, limamin unguwarmu ya zo dubiya. Tsoho ne, tare suka taso. Inna ta kwashe labari ta gaya masa, ba ta ɓoye sunana ba, ni kuma ina zaune a bakin ƙofa. Liman ya ce nonon saniya halal ne, ba a yi masa yanka, kuma abin da aka ciro daga gare shi hukuncinsu ɗaya. Ya ce ko da akwai shakka, mai ciwon da ke iya kashe shi ba ya barin magani a kan zato, sai ya tambaya. Har ya tsokani Baba, wai shekara nawa yana shan fura da nono a kasuwar Zurmi bai taɓa neman ganin saniyar ba. Baba ya yi dariya da rabin baki. Bai ce ni na jawo ba, a ranar ko bayanta. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Liman ya ce a yi addu'a. Kowa ya ɗaga hannu biyu. Baba ya ɗaga na hagu, ya dubi na dama da ke kwance a cinyarsa, sannan ya juyo wajena.

"Ɗiyata, taho ki ɗaga min wanga."

Na matso na tallafe shi da tafin hannuna. Ban taɓa sanin hannu yana da nauyi haka ba. Na riƙe shi har aka shafa.