Igiyar Kaka Tanko

Ku da kuka san Kaka Tanko kun san ba a ganinsa sai da igiya a kafaɗa. Masallaci da ita, kasuwar Sule Tankarkar da ita, har gidan suna da ita yake zuwa, ya naɗe ta ya zauna a kai. Igiyar rama ce, ya ce mahaifinsa ne ya tufka ta. Ta sha tsinkewa, shi kuma bai yarda a yar da ko sili ɗaya ba, sai dai ya ƙulla. Na taɓa ƙirga ƙullin yana barcin rana. Goma sha tara ne.

Aikinta ɗaya, awon iyaka. Tsakanin gonarmu da ta Baba Isiyaku, maƙwabcinmu kuma amininsa tun suna yara, akwai jerin gamba da iyayensu suka dasa. Daga gindin aduwar gonarmu zuwa gambar nan igiya goma ce cif. Duk mako Kaka zai kafa turke, ya ja igiya, ya tuge, ya sake kafawa, yana ƙirgawa da ƙarfi don a ji.

"Goma!"

"Alhamdu lillahi," in ji Baba Isiyaku, bai ko ɗago daga noma ba. "Ashe wannan makon ma ban sata ba."

"Dama ce ba ka samu ba!"

Da yamma kuma ku gan su a ƙofar gida, hannuwansu cikin akushi ɗaya.

Wata damina duman Baba Isiyaku ya yaɗo, ya tsallake gamba, ya zo ya yi ɗa ƙato a cikin gonarmu. Baba Isiyaku ya ce, "Tanko, ka ɗauka, na ba ka."

"Ka ba ni? Kai wa? A kawo igiya!"

Ya auna daga saiwa zuwa gamba, ya auna daga gamba zuwa duma. Ya hana kowa taɓa shi har ya bushe. Sannan ya fafe shi biyu, ya aika wa Baba Isiyaku ƙwarya ɗaya, ya ce a gaya masa saiwa tasa ce, ƙasa tamu. Har 'ya'yan duman sai da ya raba ɗaya bayan ɗaya. Da guda ɗaya ya yi saura, ya binne shi a tsakiyar gamba.

Inna, matar Kaka, ta ba ni labarin shekarar da Nasara suka raba ƙasa tsakanin Ingila da Faransa, lokacin ba a haife ni ba. Da Kaka ya ji an kafa alamar iyaka a wajen Maigatari, ya saɓa igiyarsa ya tafi a ƙasa don ya gani. Ya dawo ransa a ɓace.

"Na tambaya wa ya riƙe musu igiya," in ji shi. "Aka ce ba igiya. Wai wani madubi suke leƙawa. Da ido, jama'a! Ƙasa guda, da ido! In an wayi gari Damagaram ta shigo Gumel kada kowa ya zo min kuka."

To, ga inda dariyata take tsayawa.

Ni Kaka yake kira Amarya, kamar yadda kakanni suke tsokanar jikokinsu. Sauran jikoki sukan rama, su ce masa tsoho mai ran ƙarfe. Ni ban iya ba, sai dai in rufe fuska. Shi ya sa ya fi yarda da ni. Ranar da wanzami ya zo yi masa ƙaho, ya miƙo min igiyar kafin ya yi rub da ciki.

"Amarya, riƙe. Kada ki ajiye ko da gobara ta tashi."

Gobara ba ta tashi ba. Sai dai na tuna ban wanke allona ba, kuma Malam zai duba da azahar. Na rataya igiyar a danga, na ce yanzu zan dawo. Kafin in dawo jar akuyar Inna ta tauna bakin igiyar ta haɗiye.

Na yanko guntu daga tsohuwar igiyar guga, ita ma rama ce, na ƙulla. Ban san iyakar abin da akuya ta ci ba, sai na ce gara ta ɗan yi yawa da ta gaza, don kada ya ce an rage masa. Na murza wurin da toka da ƙasa har ya tsufa. Ƙulli ya zama ashirin. Idon Kaka ya riga ya yi rauni, ya karɓa ya rataya, har da sa min albarka.

Ban yi tunanin cewa in igiya ta ƙara tsawo, gona ce za ta zama kamar ta ragu ba. Kuma ƙarin nan sau goma zai maimaitu.

Ranar awo na kai masa fura. Ina tsaye ya ja ta goma, sai ta wuce gamba, ta shiga gonar Baba Isiyaku har taku uku. Ya sake daga farko. Ya sake. Bai ce goma ba.

"Yau kuma lissafin ne ya ɓace?" in ji Baba Isiyaku yana dariya.

"Ka matso da gamba."

"Tanko, ni?"

Har gaban Bulama, mai garinmu, aka je. Bulama ya zo da dattawa, ya sa aka tona gindin gamba, aka ga saiwa ta yi zurfi ta cukurkuɗe.

"Malam Tanko, wannan ba dashen bana ba ne. A kawo wata igiya a gwada mana."

"Wata igiya? Ranka ya daɗe, wace igiya ce ta san gonata?"

Baba Isiyaku ya ce a kawo Alƙur'ani ya rantse. Kaka ya ɗaga hannu. "Kada ku ba shi! Ya ƙone a banza a ce ni na jawo." Mutane suka fashe da dariya. Ni na dubi Baba Isiyaku, na ga yana ta murza bakin rigarsa. Ina bayan aduwa da ƙwaryar fura a hannu. Kalma uku sun isa. Na buɗe baki, na ga rawunan dattawa, na rufe.

Bulama ya ce gamba ta zauna inda take. Daga ranar nan Kaka ya shigo da akushinsa cikin gida. A masallaci ya sauya gefe. In sun haɗu a hanya sai ya kama kunnen jakinsa ya ce, "Gaya wa mai taku uku ya ba mu hanya." Farko Baba Isiyaku yakan amsa, "Jaki, ka ce masa na gaishe shi." Daga baya ya daina. Damina biyu ana haka.

Sau ɗaya na gwada. Na durƙusa a gaban Kaka yana gyara ƙotar fartanya.

"Kaka."

"Oho, yau Amarya ta yi magana! Inna, kawo goro! Me ke bakinki, zane kike so?"

"Fura," na ce. "Ko a ƙara nono?"

"Wannan ne kika yi ta haɗiyar yawu a kai? A ƙara mana, in ba ni zan saya ba."

Bayan girbi zazzaɓi ya kwantar da shi. Kwana shida, ya cika.

Ranar sadakar uku Inna ta aike ni da gumba gidan Baba Isiyaku. Na same shi a zaure shi kaɗai. Na ajiye, na ƙi tashi. Kaina a ƙasa na faɗa masa duka, daga wanzami har toka. Sai ya fara dariya, ya yi ta yi har ya riƙe ciki.

"Jar akuya! Wayyo Tanko! 'Yar nan, ai ko kin faɗa, cewa zai yi ni na turo ta."

Dariyar ta ƙare, ya sa hannun riga ya goge ido.

"Da yake kwance na zo zaurenku sau uku," in ji shi. "Na kasa sallama, na juya."

"Na sani, Baba. Na ga sawun takalminka, mai faci a dunduniya."

"Kin gaya masa?"

Na girgiza kai. Ya daɗe yana kallona. Bai yi min faɗa ba. Ya ce in tashi in tafi gida, Inna za ta neme ni.

Allah, Kaka Tanko bai taɓa cin taƙin ƙasar kowa ba, kuma ya tafi yana zaton an ci tasa. Ka nuna masa gaskiyar da na kasa faɗa masa. Ka jiƙansa, Ka sanyaya makwancinsa. Ka sada shi da amininsa a inda ba sauran fushi. Ni kuma Ka yafe min shirun da na yi. Amin.