Abin da Na Ɗaura a Damtse

Tun ina dakon buhu a kasuwar Argungu nake fama da ciwon ɓarin kai. Allah ya rufa mini asiri a sana'ar sayen shinkafa shanshera daga hannun manoma ina kai wa masu injin casa a Birnin Kebbi, har na gina gida a unguwar Badariya, amma ciwon bai san na zama Alhaji ba. Yakan fara da walƙiya-walƙiya a gefen idona na hagu, musamman in rana ta bugi ruwan fadama ta dawo mini a fuska. Daga nan sai sara, sai tashin zuciya, sai neman ɗaki mai duhu. An yi mini ƙaho, na shaƙi turare iri-iri, na haɗiyi ƙwaya har cikina ya fara ƙorafi.

Wata likita ce a nan Birnin Kebbi, da ta ji yawan ƙwayar da nake sha, ta ba ni shawarar wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a damtse. Ba ta kai tafin hannu ba. Da ka ji alamar ciwon sai ka manna ta, ka kunna da waya, ta riƙa tsikarar fata kamar tururuwa na yawo. Na nemi ragi kamar yadda na saba, ban samu ba, na saya. Ba kullum take ci ba, gaskiya ɗaya ce. Amma sau da yawa kafin ta gama aikinta saran ya lafa, in ci gaba da harkata.

Na'urar ce kuma ta kusa raba ni da wani dattijon manomi a garin Gulma. Shi ya fara yarda da ni tun ba ni da ko keke, kuma inda ya sayar da shinkafarsa, nan manoman unguwarsu suke sayarwa. In na rasa shi, na rasa su duka.

A lokacin girbin rani, muna tsaka da ciniki a masussuka, walƙiyar ta taso mini. Na zagaya bayan mota, na naɗe hannun riga, na ɗaura, na danna waya. Ban so a ga raunina ba, don dillali mai riƙe da kai ba ya iya tsayawa kan farashi. Na dawo fuska a sake, muka daidaita. Zuwa na gaba ma haka aka yi. Ashe ana kallona.

Da na sake komawa, dattijon bai sa an shimfiɗa mini tabarma ba, buhunan kuma duk bakinsu a ɗinke.

Na ce, "Baba, lafiya? Ko bana ba a sayarwa?"

Ya ce, "Ana saidawa. Amma ba ga mai kambu ba."

"Wane kambu kuma?"

"Wanga da kaka zagayawa bayan mota kana ɗaurawa. Ka tafi kana yamutsa fuska, ka dawo kana murmushi, mu ko bakinmu ya mutu, mu ce mun sallama. Ɗana, mi na yi maka da za ka yi min asiri?"

Na so in yi dariya, amma na ga idonsa ba wasa. A wurinsu layar da ake ɗaurawa a damtse a ɓoye ba ta da wata fassara sai wannan, kuma ni na ja wa kaina da ɓoyon. Rantsuwa ba za ta yi ba. Kowane dillali ya iya rantsuwa. Sai na ciro na'urar daga aljihu na ce ya miƙo hannu.

Ya dubi mutanensa, ya miƙo. Na manna masa, na kunna kaɗan. Ya zabura har hularsa ta karkace.

"Kai! Cire min! Wanga ai cinnaku na!"

Masussuka ta ɗauki dariya. Na gaya musu komai: walƙiyar, aman, ranakun da nake cewa mota ce ta lalace alhali ina kwance a ɗaki an rufe taga.

Dattijon yana sosa damtse ya ce, "Shekara nawa muna tare, kana ciwo ba ka faɗi ba? To ji nan. Daga yau in ya taso maka, nan gabanmu za ka ɗaura. Kuma ba a zancen kuɗi sai ya sake ka. Ba mu ciniki da mai ciwo."

Na ce, "Baba, kar dai ku yi amfani da damar ku ƙara farashi."

Ya ce, "Ja'iri. Ai halinka ne kake faɗi."

Ya ɗauko wuƙa ya farke bakin buhun farko da kansa. Na ɗebi 'yan ƙwayoyin shinkafar na ciza. Ta bushe ƙarau.