Ƙwallo Biyun da Aka Ci Mu a Falon Yaya

Mun tashi da asuba daga Longsight, ko shagunan naman Stockport Road ba su ɗaga ƙofa ba, alhali wasan da za mu je sai ƙarfe biyun rana. Ku riƙe wannan, jama'a, don har yanzu da nake rubutun nan ban huce ba. Mu uku ne a motar: ni, da maigidan yana tuƙi, sai yarinyar a baya rungume da jakarta. Ita ce mai tsaron ragar ƙungiyar mata ta jami'arsu a nan Manchester, kuma ranar Larabar nan suke da wasan ƙarshe na bana a Birmingham. 'Yar fari ce, don haka kada ku jira sunanta daga bakina. Haka na tashi na ga uwata tana yi wa yayanmu, ni ma na ɗora. "Ke" nake ce mata tun tana zanin goyo. Ko wurin likita muka je aka tambayi suna, uban nake kallo ya faɗa.

Bari in gaya muku abin da ke ƙasa. Tun da gwamnatin ƙasar nan ta shiga tsuke bakin aljihu, kowa ya sami abin fakewa. An rufe laburaren da nake kai yara ranar Asabar, an rufe gidan matasan da yarinyar ta fara tare ƙwallo a cikinsa. Bana abin ya iso jami'arsu. Aka fara da janye motar da ke kai 'yan matan wasa, aka ce kowa ta san yadda za ta yi, amma ta mazan tana nan ba wanda ya taɓa ta. Sannan aka ce duk ƙungiyar da ta faɗo daga rukuninta, ba za a sake yi mata rajista baɗi ba. Ƙungiyar nan fa ta girmi yarinyar. A shafin jami'ar akwai jerin kowace kaka da matsayin da suka ƙare, ni kuwa akanta ce, teburi ba ya ba ni tsoro, na haddace shi tsaf. Da ta shiga suna can ƙasa, a shekararta ta biyu suka hau, bana kuma 'yan gabansu biyu suka gama karatu, cin ƙwallo ya gagara. Su ne na biyun ƙarshe, 'yan Birmingham ɗin da za su kara da su ne a ƙarƙashinsu. Canjaras ya ishe su tsira. In aka ci su, waɗancan su haye, su kuma su faɗo, ƙungiya ta mutu.

Babbar hanyar da ke gangarawa kudu kuwa, kun san ta. Gyara ake yi tun ban san yaushe ba, an jera robobin nan masu jan kai iya ganinka, an rage gudu, kamara tana kallonka, amma ko ma'aikaci ɗaya ban gani ba sai wata katafila tana hutawa. Mun tsaya wurin shan mai bayan Stoke. Na leƙa kuɗin shayinsu na dawo da sauri, don ni ba a yanka ni da rana tsaka, balle da safe. Na buɗe filas ɗina da ƙosan da na soya, muka karya a mota gilashi yana gumi.

A nan ne maigidan ya fito da abin da ke cikinsa. Ashe sammakon nan ba don cunkoso ba ne. Ya ce ai ba zai yiwu a ce mun shigo Birmingham ba mu gaida Yaya ba. Yaya shi ne babban wansa, likita ne ya yi ritaya, yana zaune a Perry Barr. Na ce to, a yi gaisuwar bayan wasa mana. Ya ce a'a, babba ake fara gani kafin a shiga sabga. Yarinyar ta ce kocinsu ta ce kowa ya hallara awa guda kafin a take. Ya ce haba, ai lokaci na nan kamar ƙasa.

Mun shiga gari tara ba ta yi ba. Kafin gidan Yaya sai ya tuna matar wani ɗalibi ɗan garinsu ta haihu, kuma kan hanya ne. Muka hau wani dogon bene na kansul, lif ya lalace, an manna takarda tun ta yi ja. Muka taka har hawa na sama ina riƙe da gwiwa. Jaririya tubarkalla, mai jego ta dama mana kunun gyaɗa mai kyau, ba zan ci amanarta ba. Muna saukowa sai mijin mai jegon ya ce ai mun ji rasuwar mahaifin wane ko? Shi ke nan, an ɗaura mana wata. In ka je barka ka tsallake ta'aziyya, kafin ka isa gida labarinka ya kai Kano. Muka je, muka zauna, aka yi addu'a, aka kawo dabino da ruwa. A duk gidan da aka tambayi me ya kawo mu, sai maigidan ya ce, "Yarinyar ce ke da ɗan wani aiki na makaranta." Aiki na makaranta. Mutumin nan fa shi ya saya mata safar hannunta ta farko, shi ke tsayawa cikin ruwan sama yana kallonta a Gorton. Amma a gaban mutanen gida ba zai iya buɗe baki ya ce 'yarsa budurwa tana buga ƙwallo ba.

Sha biyu ta gota muka isa gidan Yaya. Hajiyarsa ta ji muna tafe, ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, har da man shanun da aka kawo mata daga gida. Wanda ya san Hajiya ya san ba a ce mata an ƙoshi. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka bi dangi ɗaya bayan ɗaya daga Fagge har Jidda. Aka kira azahar a wayar Yaya, aka yi alwala, aka yi salla. Sannan aka shimfiɗa ledar abinci.

Yarinyar tana gefena a ƙasa, wayarta tana ta zuga cikin aljihu. Ta dube ni, na kawar da kai. Ta taɓa ƙafata, na ce, "Ke, ci abinci." Mu muka koya mata ba a tsoma baki in manya na magana, ga shi ta koya ta fi mu. Ni kuma ina zaune gaban wan mijina da matarsa, ta yaya zan buɗe baki in nuna na damu da sha'anin 'yar fari? Sai a ce wance ba ta da kara, zaman Turai ya cinye ta. Na zuba wa maigidan ido har idona ya yi zafi, shi kuwa yana ta ba Yaya labarin filin da suke rigima a kansa a gida. Wallahi tuwon nan ban san ɗanɗanonsa ba.

Sai da aka kawo shayi, Yaya ya dubi yarinyar ta saman tabarau ya ce, "Ke 'yar gidana, ba yau kuke da wasa da 'yan garin nan ba? Da na ga kun baje na ɗauka an ɗaga."

Ni da maigidan muka dubi juna. Yarinyar ta ce, "Baffa, ƙarfe biyu ne."

Ya dubi agogon bango, ya dubi ƙanensa. "Kai wane irin mutum ne? Canjaras fa suke nema. Tun bara nake bin teburinsu a waya."

Kun ji fa. Mutumin da aka yi ta ɓoye wa, ashe ya fi uban sanin maki nawa suke da shi. Duk kunyar nan da muka sha tun safe, babu wanda ya aike mu.

Yaya da kansa ya zari makulli ya ce mu bi shi, ya san hanya. Sai dai filin ba a jami'ar yake ba. 'Yan Birmingham ɗin ma an karɓe nasu an ba maza, an tura matan wani filin kansul can kudancin gari. Birmingham kuwa gari ne da aka gina don wahalar da baƙo: ka shiga rami, ka fito kan gada, ka zagaya shataletale, ka sake ganin inda ka baro. Ga motocin ɗaukar yara sun fara fitowa. Yarinyar ta sauya kaya a bayan mota, ina riƙe mata mayafina a jikin gilashi. Ta ɗaura ɗan hijabinta na wasa, ta sa dogon wando, ta ɗaure takalmi. Gara ma da ta yi hakan, don ɗakin sauya kayan filin a garƙame muka same shi da kwaɗo, an ce babu kuɗin mai gadi.

Mun tarar an kusa tafiya hutun rabin lokaci. Ba su da wata gola, don haka wata 'yar baya, gajeruwa, ita aka ba aron safar hannu aka tura raga. An zura mata biyu. Ban ga laifinta ba, baiwar Allah, kuka take tana wasa. Kocin, wata Baturiya mai furfura da ke aikin nan kyauta, ta dube mu kawai ta juya. Da ta zage mu da ya fi mini sauƙi.

Filin kansa abin takaici ne. Ciyawa ta kai idon sawu a gefe, gaban raga kuwa taɓo ne zalla, layin ma da ƙyar ake ganinsa. 'Yan kallo ba su fi a ƙirga da yatsu ba: iyaye, da wani dattijo da karensa, sai mu da manyan riguna muna rawar sanyi. Yaran nan dalibai ne, wasu daga ɗakin gwaji suka taho, wasu da dare suna aikin kanti, kuma ƙasa mai arzikin nan ta rasa abin da za ta yanke sai ciyawar da za su taka.

Da aka dawo, yarinyar ta shiga. Ban taɓa ganin ta yi wasa irin na ranar ba. Ta sama ta kama, ta ƙasa ta kwanta a taɓo ta tare, har 'yan Birmingham suka fara riƙe kai. Namu suka farke ɗaya daga bugun kwana, Yaya ya yi tsalle hularsa ta faɗi. Saura kaɗan a tashi aka ba waɗancan fenareti. Mai bugun ta saita kusurwa, yarinyar ta miƙe kamar an ja ta da igiya, ta doke ƙwallon waje. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Sunanta na kira, cikakke, da ƙarfin da har karen dattijon ya yi haushi. Gaban Yaya, gaban uban, gaban kowa. Ta juyo daga cikin taɓon ta dube ni.

Amma ta biyun ba ta zo ba. Alƙaliyar wasa ta busa, biyu da ɗaya. 'Yan Birmingham suka rungume juna, ban ji haushinsu ba, su ma wuƙar ce a wuyansu. Namu suka zube a ƙasa. Kocin ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tayarwa, ta tattara rigunan cikin wata jakar kanti, ta ce za ta wanke ta ajiye ko Allah zai sa. Yaya ya dafa kan yarinyar ya ce, "Ba a ci ki ba, 'yar gidana." Ƙanensa kuwa ko sallama bai yi masa ba.

A hanyar dawowa ba wanda ya kunna rediyo. Robobin nan suna nan inda muka bar su, katafilar ma ba ta motsa ba. Maigidan ya yi gyaran murya wajen Stafford ya ce komai nufin Allah ne. Na ce haka ne, amma ba Allah ne ya ce a ce aikin makaranta ba. Ni ma dai na san rabona a ciki. Sai da muka shigo Stockport Road, masu shaguna suna ta shigar da kayan miya, yarinyar ta yi magana daga baya da Hausarta ta 'yan Manchester.

"Mama, na ji kin kira ni."

Na ce, "To."

Ta ce, "Da a falon Baffa kika kira."

Mun iso gida lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Masu yanke kasafi sun yi nasu, kuma ban yafe musu ba: su suka janye mota, su suka kulle ɗaki, su suka mayar da wasa ɗaya ya zama rai ko mutuwa. Amma duk rowarsu, sun bar wa yaran ƙofa ɗaya a buɗe, mu muka zauna a bakinta muna shan shayi. Zumunci ba ya ƙonewa don an ce masa ana sauri, kuma karar da za ta sa 'yarki ta rasa mai faɗa mata a ɗaki cike da danginta, ni dai na sauke ta.

Jiya na buɗe shafin jami'ar. Sun ƙara layin bana a ƙasan jerin, har da sakamakon wasan ƙarshe, kuma na san babu wani da zai biyo bayansa. Duk wanda ya duba zai ga an ci su biyu a wasan ƙarshe, ya ɗauka golarsu ce ta gaza. Ba a ci ta ko ɗaya ba. Na rufe kwamfutar na leƙa ɗakinta, na kira ta cin abinci da sunanta. Ta daɗe kafin ta amsa.